Taya Ce Ta Fashe

Asabar, 5 ga Maris 2011, bayan la'asar

Likita ne ya ce in nemi littafi in riƙa rubuta lokacin da na kwanta da lokacin da na tashi. 'Yata Jamilatu ta ba ni wannan, ragowar na makarantarta ne. Rabona da rubuta abin da ya wuce lambar kwantena tun ina lakwal, makarantar boko, a Tasawa.

Jiya na kwanta ƙarfe goma sha ɗaya, na tashi da asuba. Na fita fitsari sau huɗu. Na wayi gari da ciwon kai. Iyakar abin da ya nema ke nan.

Yau kwana tara makullin tirela ba ya hannuna. Shekara goma sha tara ina ɗaukar kwantena daga mina, tashar jiragen ruwa, zuwa Riyad, ban taɓa kwana tara a jere a gidan nan na unguwar Kurayyat ba. Mudir, manajan sharika, wato kamfanin da nake wa tuƙi, ya ce ba fushi aka yi da ni ba, dokar sharika ce: duk direban da ya yi haɗari sai ya kawo takardar likita cewa lafiyarsa ƙalau kafin a mayar masa da mota. Na ce to. Ai taya ce ta fashe a hanya, wajen Bahra. Haka murur, 'yan sandan hanya, suka rubuta, kuma kowa ya ga tayar.

Lahadi, 6 ga Maris, hantsi

Na koma asibiti, wannan karon da maiɗakina Zubaidatu, don likitan ya ce in zo da wanda ke kwana kusa da ni. Basudane ne mai furfura, ba ya gaggawa. Ya auna wuyana da igiyar tela kamar zai ɗinka mini riga, ya leƙa maƙogwarona, sannan ya juya wajenta.

Ban san matar nan tana da wannan maganar a cikinta ba. Ta gaya masa minsharina yana kaiwa gidan maƙwabta. Ta ce ba minsharin ne ke hana ta barci ba, shirun ne. In na yi shiru sai ta fara ƙirgawa, wani lokaci har ta kai talatin kafin in fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ya tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun kafin a yaye Jamilatu. Jamilatu yanzu shekararta goma sha bakwai.

Da muka sauka daga tasi na ce ta tona mini asiri a gaban baƙo. Ta ce, "Malam, shekara nawa ina gaya maka a ɗaki?"

Talata, 8 ga Maris, bayan azahar

Na yi barci a zaune da kofin shayi a hannu. Ya zube a kan darduma. Ba zan nuna wa likita wannan shafin ba.

Alhamis, 10 ga Maris, da safe

Daren jiya a asibiti na kwana. Sun manna mini wayoyi a kai da ƙirji da ƙafa, suka ɗaura wani abu a yatsa, suka ce in yi barci kamar yadda na saba. Na ce a raina wa zai iya barci a haka. Ban san sanda na tafi ba.

Asabar, 12 ga Maris, la'asar

Sakamako ya fito. Sau hamsin da takwas a kowace awa numfashina ke ɗaukewa. Na ce ko dai a dare ɗaya yake nufi, ya ce a'a, a awa ɗaya. Naman maƙogwaro ne ke faɗowa ya toshe hanya, sai jiki ya farka don kada ya mutu, ya sake komawa, ya sake farkawa, ni kuwa ban sani ba. Ya ce mutum irina yana iya shekara goma bai yi barci na gaskiya ba.

Daga nan ya ajiye biro ya tambaye ni ko na taɓa gyangyaɗi a kan sitiyari. Na ce ban taɓa ba. Ya ɗan jima yana kallona, sannan ya rubuta.

Maganin ba ƙwaya ba ne, na'ura ce, su jihaz suke ce mata. Tana hura iska ta wani tiyo zuwa abin rufe hanci, iskar ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Akwai ɗan kati a cikinta da ke rubuta awa nawa na yi da ita a fuska. Sai katin ya nuna kwana talatin, kowane dare awa huɗu ko fiye, sannan zai sa hannu a takardata.

Na kira mudir. Ya ce zai riƙe mini motar zuwa ƙarshen wata, ba zai iya wuce haka ba. Ya kuma tuna mini, cikin ladabi, cewa iƙamata, takardar izinin zama, za ta ƙare ashirin da biyar ga Afrilu, kuma sharika ce kafilina mai tsaya mini, ba ta sabunta wa wanda ba ya aiki. Iƙamar Zubaidatu da ta Jamilatu a jikin tawa suke.

Ƙarshen wata kwana goma sha tara ne. Likita talatin yake so.

Litinin, 14 ga Maris, bayan asuba

Jamilatu ce ta haɗa jihaz ɗin, ita ke iya karanta littafinsa. A nan aka haife ta, Hausa tana ji amma in za ta yi bayani sai Larabci. Ta ɗaura mini abin a hanci tana dariya, ta ce na zama matuƙin jirgin sama.

Minti arba'in na iya. Kamar mutum ya fito da kansa ta tagar mota tana gudu. Na fizge shi na jefar.

Talata, 15 ga Maris, bayan asuba

Awa ɗaya da minti goma.

Laraba, 16 ga Maris, bayan asuba

Ban sa ba.

Alhamis, 17 ga Maris, bayan magariba

Hussaini ya zo. Tare muka hau jirgi daga Yamai, tare muka shiga sharikar nan, mun kwana ɗaki ɗaya a masaukan hanya ba adadi. Ya ga jihaz a gefen katifa ya yi ta dariya har da tari. Ya ce likitoci kasuwa suke nema, wane namiji ne mai jiki ba ya minshari.

Da zan raka shi ya rage murya. Akwai wani ƙaramin asibiti a wani lungu na unguwar Balad, in ji shi, mutum ya kai hoto biyu da kwafin iƙama, gobe ya karɓi takarda da hatimi. Ba waya, ba tiyo. Shi ma can ya yi tasa bara da ya goge wata mota a mina. Mudir hatimi yake dubawa, ba ya tambayar daga ina.

Na ce zan yi tunani. Ya ce, "Tunanin me, Na'ibi? Ba taya ce ta fashe ba?"

Na ce ita ce.

Asabar, 19 ga Maris, hantsi

Awa biyu da rabi. Hancina ya bushe har da jini. Akwai jan tabo a karan hancin, a masallaci an tambaye ni ko faɗuwa na yi.

Lahadi, 20 ga Maris, bayan isha'i

Zubaidatu ta dawo daga gidan suna da labari. Mutumin da ke cikin ƙaramar motar ɗaukar kaya ranar haɗarin, ashe kawun wata maƙwabciyarmu ne. Hamad sunansa, Bahaushe ne haifaffen Makka, kayan miya yake saro wa masu shaguna. An sallame shi daga asibiti, an sa masa ƙarfe a cinya. Wai yana ta tambayar direban da ya ciro shi daga motar, yana son ya gan shi.

Na ce mata ba ni da lokaci. Ta dube ni, ina zaune da zane a tsakar ɗaki tun safe. Ta kwashe kwanuka.

Ban rubuta a baya cewa akwai wata mota ba. Akwai. Ta faɗa rami a gefen hanya ta kife.

Talata, 22 ga Maris, bayan asuba

Awa huɗu da minti biyar, karo na farko. Jamilatu ta canja abin hancin da wani mai laushi, ta zuba ruwa a ɗan tankin da ke jikin jihaz. Na yi mafarki da mahaifiyata tana sussukar gero. Na manta rabon da in yi mafarki.

Laraba, 23 ga Maris, la'asar

Awa ɗaya. Na tashi a firgice ina taka birki a katifa.

Na kai wa Hussaini hotunan.

Juma'a, 25 ga Maris, bayan masallaci

Takardar tana aljihuna. Fara ce tas, da hatimi shuɗi da sa hannun likitan da ban taɓa ganin fuskarsa ba. An rubuta ido lafiya, kunne lafiya, zuciya lafiya, ya cancanci tuƙa babbar mota. Na karanta ta a masallaci, na karanta a hanya. Gobe in na miƙa ta, jibi ina kan hanyar Riyad.

Na ɓoye ta cikin jakar tafiyata, ƙarƙashin bargo.

Asabar, 26 ga Maris, da safe

Ban je ofis ba. Kaina yana ciwo.

Lahadi, 27 ga Maris, bayan azahar

Zubaidatu ta wanke bargon. Ta ninke shi ta mayar, ta ɗora takardar a samansa, ba a ƙasa ba. Ba ta iya karatun Larabci sosai, amma ta san hatimi, ta kuma san ba asibitinmu ba ne.

Da muna cin abinci ta ce ita in an ce a koma Tasawa za ta koma, ɗakin uwarta yana nan. Na ce Jamilatu fa, da ba ta taɓa ganin Nijar ba, saura mata shekara ɗaya ta gama makaranta? Ta ce Jamilatu ta fi son uba a Tasawa a kan kabari a hanyar Riyad. Na ce ta daina yi mini fatan tsiya. Na ɗaga murya har yarinyar ta fito daga ɗaki.

Ban taɓa yi mata tsawa a gaban 'yarta ba sai yau.

Litinin, 28 ga Maris, bayan asuba

Awa biyar. Mudir ya kira jiya sau biyu, ban ɗauka ba.

Talata, 29 ga Maris, bayan magariba

Na je gidan Hamad. Ban shirya zuwa ba. Na fito da niyyar ofis, da takardar a aljihu, sai na tsinci kaina ina gaya wa mai tasi sunan unguwarsu.

Tsoho ne siriri, ya girme ni da kusan shekara goma. Yana kwance a falo, ƙafar a miƙe kan matashi. Hausarsa irin ta kakanni ce, rabi Larabci. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya yi ta godiya, ya ce da ban fasa gilashin na jawo shi ba da ya ƙone a ciki. Ya sa ɗansa ya kawo gahawa da dabino.

Da ɗansa ya fita sai ya ce in matso.

"Ya waladi, yarona, na gan ka," in ji shi. "Na zo zan wuce ka, na ɗaga kai, sai ga goshinka a kan sitiyari. Na yi ta danna hon. Kana ta matsowa kaina ina ta dannawa. Tayar daga baya ta fashe, da ka hau dutsen gefen hanya."

Na ajiye kofin gahawar.

Na tambaye shi me ya sa bai gaya wa murur ba. Ya ce yana kwance a ƙasa yana kallona ina kuka ina ɗaure masa cinya da rawanina, ya san in ya faɗa, kurkuku ne sannan jirgin komawa gida. Ya ce shi ya yafe ƙafarsa, halas, shi ke nan, tsakaninsa da Allah. Amma tun da ya kasa tashi, ɗansa ne ke bin hanyar nan kowace asuba yana ɗauko kayan.

"Ƙafata tawa ce, na ba ka. Ɗana ba zan ba ka ba. An yi maka magani?"

Na ce ana yi. Ya ce alhamdu lillahi, to ya huta. Takardar tana aljihuna na hagu, a gefen da yake riƙe da hannuna.

Laraba, 30 ga Maris, bayan asuba

Barci na yi. Na rubuta yau. Daga Riyad nake dawowa, na yi sallar asuba, na sha shayi kofi biyu, na tuna na wuce gidan mai, abin da na sake sani shi ne ƙarar hon da ƙura. Kuma ba shi ne na farko ba. Sau uku kafin wannan na farka a kan tsakuwar gefen hanya, ba kowa a kusa, na ce Allah ya kiyaye na ci gaba.

Alhamis, 31 ga Maris, hantsi

Na koma wajen likita ba ranata ba. Na ce masa amsar da na ba shi ranar nan ƙarya ce. Bai yi mamaki ba, ya ce yawancin direbobi haka suke fara amsawa. Ya ce tunda na faɗa dole ya rubuta a takardar da zai ba sharika, ko na yarda ya rubuta? Na ce in na ƙi fa? Ya ce to ba zai sa hannu a komai ba.

Ya zare katin ya duba. Dare goma sha bakwai, shida ne kawai suka kai awa huɗu. Ya ce ƙirga zai koma daga farko, daga yau. In kwana talatin ɗin suka cika zai ba ni izinin tuƙi a cikin gari da rana. Doguwar hanya sai bayan wata uku, in katin ya ci gaba da yin kyau.

Na ce ya rubuta.

Ɗaya takardar na yaga ta a bayan gida na asibitin.

Asabar, 2 ga Afrilu, bayan azahar

Mudir ya karanta sau biyu. Ya ce, "Ka san abin da ka kawo mini?" Na ce na sani. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya yi faɗa sosai, ya ce da ya ga dama yanzu zai buga mini fita ba dawowa. Na tsaya ina kallon ƙasa kamar ɗan lakwal, da furfurata.

Can ya zauna ya ce maigadin ƙofar yadin motoci zai tafi hutu ƙasarsu, in zan iya zama in rubuta motar da ta shiga da wadda ta fita, to. Albashin bai kai rabin na da ba. Iƙama zai sabunta ta shekara ɗaya, bayan nan bai yi alkawarin komai ba. Abin da murur suka rubuta kuwa, ya ce shi ba zai taɓa shi ba, tunda mai ƙafar ya yafe.

Motata da layin Riyad an ba Hussaini.

Lahadi, 3 ga Afrilu, bayan asuba

Awa shida da minti ashirin. Na ba Zubaidatu haƙuri a gaban Jamilatu, tunda a gabanta na yi laifin. Ta ce ba komai. Ta ce yanzu ita ce ba ta iya barci, ta saba da ƙirga, ga shi babu abin ƙirgawa sai hucin jihaz.

Alhamis, 7 ga Afrilu, la'asar

Kwana biyar a ƙofa. Rumfar kwano ce da fanka ɗaya. Direbobin da na koya wa juya tirela da baya suna miƙo mini takarda ta taga suna cewa sannu da hutawa, Alhaji. Wasu da gaske suke, wasu ba da gaske ba. Labari ya bazu cewa da kaina na kai kaina.

Abin mamaki, tun safe har la'asar ban yi hamma ba. Ina ganin lambobin mota tar. Ashe haka sauran mutane suke ji da rana.

Juma'a, 8 ga Afrilu, bayan isha'i

Akwai abin da ke damuna kwana biyu. Na kwana ɗaki ɗaya da Hussaini a masaukan Zalim da Muwaih fiye da yadda zan iya tunawa. Na san minsharinsa. Na kuma san shirun da ke biyo bayansa, da yadda yake fizgo numfashi. Da can dariya nake yi masa, shi ma yana yi mini. Wuyansa ya fi nawa kauri.

Asabar, 9 ga Afrilu, bayan isha'i

Bayan sallar asuba ya iso ƙofa da motata, kwantena biyu, Riyad. Ya miƙo takarda. Ban karɓa ba, na hau matakalar na tsaya a tagarsa. Na gaya masa abin da ya faru a Bahra tun daga farko, da abin da Hamad ya gani. Na ce ciwon da ke jikina yana jikinsa, kuma ni na san inda takardarsa ta fito.

Fuskarsa ta canja. Ya ce 'ya'yansa biyar a Maraɗi, da uwarsa, duk sitiyarin nan suke ci. Ya ce ni na zaɓi zaman rumfa, kada in ja shi ciki. Motoci uku sun yi layi a bayansa suna hon.

Na ce, "In ka dawo, ko mu je wajen likitan tare, ko in je wajen mudir ni kaɗai."

Ya ce, "Shekara ashirin, Na'ibi."

Na ce na sani. Na sauka na rubuta lambar motar na ɗaga masa ƙarfen ƙofa. Hannuna ne ya ɗaga, ba na wani ba.

Na kira shi da hantsi, yana hawan dutsen Ɗa'if, ya ɗauka ya kashe. Na kira da azahar, ya ce in bar shi ya yi tuƙi. Na kira da la'asar, lokacin da hanyar take miƙewa ba kwana ba gari, rana tana dukan gilashi, lokacin da ni barci ya fi kama ni. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira. Na sake. Na fita daga rumfar na tsaya a rana. A kira na biyar ya ɗauka, ya zage ni, ya zagi rumfata da jihaz ɗina. Na tsaya na saurara har ya gama. Wanda ke barci ba ya zagi.

Ɗazu ɗan ofis ya ce motar ta shiga Riyad. Hussaini bai kira ni ba.

Ranar Talata zai dawo.